Tiyatar Hannu da Jinyar da Ke Biyo Bayanta

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Manyan tsokokin da ke danƙe yatsun nan ba a jikinsu suke ba, suna can sama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Wasu fararen jijiyoyi masu tauri, jijiyoyin motsi, su ke ɗauko ƙarfin tsoka su kai shi yatsa. Ban da su akwai jijiyoyin saƙo manya guda uku, masu kai labarin zafi da sanyi da taɓi ga ƙwaƙwalwa, su kuma dawo wa tsoka da umarni. Duk wannan kaya a cunkushe yake cikin ɗan ƙaramin wuri. Shi ya sa kumburin da cinya ba za ta san da zamansa ba, a hannu sai ya hana mutum saka maɓallin rigarsa.

A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wani matsattsen rami: ƙashi a ƙasa da gefe, wani tantani mai tsauri ya rufe shi a sama. Jijiyoyin motsi tara ne ke bi ta ciki, tare da jijiyar saƙo guda, wadda ake kira jijiyar tsakiya. Da zarar wurin ya ƙara matsewa, ita ce ke shan wuya, don ita ce mai laushi. Mai ciwon zai ce hannunsa yana mutuwa cikin dare. Barci ya yi daɗi sai zugi ya tashe shi, ya zauna bakin gado yana yarfe hannu har ya sake shi. In aka bincika da kyau, babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na huɗu ne ke sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau, domin wata jijiyar ce ke kula da shi. Ciwon ya fi kama mata, kuma ana yawan ganinsa wurin masu juna biyu da masu ciwon suga. Wani likitan Amurka, George Phalen, shi ya yayata saninsa tun shekarun 1950, kuma har yau ana gwajin da ke ɗauke da sunansa: a lanƙwashe wuyan hannu sosai a riƙe minti guda, in sagewar ta taso, to an kusa gano bakin zaren.

Ba a farawa da wuƙa. Akan ɗaura wa wuyan hannu madogari da dare don ya kwana a miƙe, ko a yi allurar rage kumburi a wurin. Na mai ciki sau da yawa yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Amma idan sagewar ta zauna dare da rana, ko tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara lotsawa, jira ya zama asara. Aikin kansa gajere ne, bai cika wuce minti 20 ba. Ana kashe wurin da allura, mutum idonsa biyu, a tsaga ɗan wuri a gindin tafi, a yanke tantanin nan da ya rufe ramin, jijiya ta sami sarari. Zugin dare yakan ɗauke cikin 'yan kwanaki. Jijiyar da ta daɗe a matse kuwa tana jan watanni, wani lokacin ma ba ta komawa yadda take.

Akwai kuma yatsa mai maƙalewa. Jijiyar motsi tana zirga-zirga ne cikin wani kube, kamar zariya a ƙubakar wando. In zariya ta yi ƙulli, sai ta riƙa cijewa a bakin ƙubaka. Haka mutum zai danƙe hannu da safe, ya buɗe, yatsa ɗaya ya ƙi tashi, sai ya sa ɗaya hannun ya ɗago shi, ya ji ƙas. Allura tana warkar da mutane da yawa. In ta gaza, a ɗan tsaga bakin kuben a gindin yatsan, kuma tun a kan gadon aiki likita yakan ce wa mara lafiya ya danƙe ya buɗe, don ya tabbatar ya saki.

Ƙululun da kan fito a bayan wuyan hannu, mai ruwa mai yauƙi a ciki, yawanci ba abin tsoro ba ne. Da yawa suna bajewa da kansu, in an zuƙe ruwan da sirinji sukan dawo, kuma ba a cire su sai sun dami mutum. Ciwon da ke jan ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa su dunƙule cikin tafi a hankali, wanda ke ɗauke da sunan Guillaume Dupuytren, likitan Faransa da ya yi aikinsa a 1831, ya fi yawa tsakanin mutanen arewacin Turai.

Abin da ya fi kawo mutanenmu gaban likitan hannu shi ne rauni da ruɓa. Ranar layya wuƙa ta zame wa mai fiɗa, ta shafi cikin yatsa. Raunin ɗan ƙarami, jini ya tsaya, a ɗinke fata a kemis, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Sai bayan mako biyu a lura yatsan yana tsaye ƙiƙam in sauran sun lanƙwashe. Jijiyar motsi ce ta tsinke, tsoka kuma ta janye guntunta ta yi sama da shi. In an zo cikin kwanakin farko, ana iya kamo bakin biyu a ɗinke. In an yi makonni, sai dai a ɗauko jijiya daga wani wuri a yi gada, aikin da wani lokaci sai an shiga sau biyu, sakamakonsa kuma bai kai na farko ba. Saboda haka duk yankan da ya bar yatsa ba ya lanƙwasa, ko gefensa ba ya jin taɓi, na asibiti ne a ranar, komai ƙanƙantarsa.

Ɗan karkare ma haka. Kan yatsa ɗakuna ne ƙanana a rufe, mugunya in ta taru ba ta da mafita, shi ya sa yake hana barci. Idan ya nuna, magani shi ne a tsaga a fitar da ita. Mai ciwon suga kuwa bai kamata ya kwana da kumburin hannu yana shafe-shafe ba, don ƙaiƙayin da aka sosa ko ƙayar kifi kan iya zama ruɓar da za ta ci hannu cikin kwanaki. Sannan ga ɗori. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma karan da aka ɗaure tamau a kan hannun yaro mai kumbura yana tsayar da jini, tsoka ta mutu, yatsu su ƙandare har abada. Likitocin asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano sun san wannan baƙin ciki sarai. Yaron da ke ihu in an miƙe masa yatsu bayan ɗori, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti.

To, an yi aiki, an naɗe hannu, an sallami mutum. A nan ne mafi yawan hannaye ke gyaruwa ko su lalace, kuma abin takaici a nan ne aka fi sakaci. Jiki yana warkar da rauni ne da tabo, tabo kuwa ba ya bambance fata da jijiya da ƙashi, duk abin da ya tarar a wurin sai ya manne shi. Jijiyar da aka ɗinke da gwaninta, in ta kwanta shiru makonni, za ta warke amma ba za ta motsa ba. Wannan ne ya sa Sterling Bunnell, wanda ake ɗauka uban tiyatar hannu a Amurka, ya gargaɗi likitocin zamaninsa game da ɗinke jijiya a tsakanin tsakiyar tafi da tsakiyar yatsa, inda kuben ya fi matsewa. Daga baya Harold Kleinert da abokan aikinsa a birnin Louisville suka nuna ana iya ɗinkewa a wurin, muddin za a fara motsa yatsan da wuri cikin kariya. Sukan maƙala roba a farce, mara lafiya ya miƙe yatsa da kansa, roba ta dawo da shi, jijiya tana zamewa ba tare da an ja ɗinkin ba.

Kwanakin farko yaƙin da kumburi ake yi. Hannu ya zauna sama da ƙirji, a kan matashi in an kwanta, ba a barinsa yana reto. Yatsun da ba a taɓa ba, da gwiwar hannu da kafaɗa, a riƙa motsa su tun ranar farko. Kada bandeji ya jiƙe. Mai alwala ya tambayi malamai hukuncin shafa a kan ɗauri, don addini ya yi sauƙi a nan. Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14, daga nan a fara murza tabon da mai don ya yi laushi. Wanda aka buɗe wa ramin wuyan hannu zai iya ƙananan ayyuka cikin mako biyu, amma gindin tafinsa kan yi tsami in ya dafa ƙasa, ƙarfin riƙo kuma sai bayan wata biyu ko uku. Wanda aka ɗinke wa jijiyar motsi zai zauna da madogari kusan mako shida, ba zai ɗauki abu mai nauyi ba sai wajen mako 12. Hatsarin yana tsakiyar wannan lokaci: fata ta warke, zafi ya tafi, mutum ya ga kamar ya sami lafiya, ya ɗaga bokitin ruwa ko ya kama birkin babur, ɗinki ya tsinke.

Ma'aikacin sashen gashi, mai koyar da motsa gaɓoɓi, rabin aikin a hannunsa yake, kuma kuɗin motar zuwa wurinsa yana cikin kuɗin tiyata. Iyali su lissafa da shi tun kafin a shiga ɗakin aiki. Taba tana rage jinin da ke isa yatsu, suga in ya hau yana jinkirta warkewa. Jijiyar saƙo da aka ɗinke tana tsirowa ne kimanin milimita guda a rana, don haka yanka a wuyan hannu kan ɗauki wajen wata shida kafin ji ya isa kan yatsa. Cikin watannin nan yatsan bai san wuta ba. Matar da ke girki ta riƙa duban inda take sa shi, don za ta iya ƙonewa a bakin tukunya ba ta ji ba, sai dai ta ga bororo.