Garin da ke zubowa daga rufin ɗakinka: gara ce ko ƙwaro?

In ka share ɗaki yau, gobe ka tarar da wani gari mai laushi ya taru a ƙarƙashin gado ko katakon rufi, kar ka ce ƙurar hunturu ce. Akwai mai cin itacen daga ciki.

Mu a Rano da Kibiya, duk ɓarnar itace gara ake ɗora wa. Amma gara da ƙasa take aiki, za ka ga ta lulluɓe hanyarta da laka. Ƙwaro mai huda katako ba ruwansa da laka. Alamarsa 'yan ramuka ne zagayayyu, faɗin milimita 1 zuwa 3, da gari kamar fulawa.

Ramin nan fa ƙofar fita ce. Macen tana saka ƙwai a ƙofofin jikin itace, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana cin sitacin da ke ciki, sai ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito. Kafin ka ga rami an daɗe ana ɓarna. Shi ya sa feshin maganin sauro a saman katako asarar kuɗi ce, tsutsar ba ta ma san kana yi ba.

To, tsohuwar ɓarna ce ko suna nan? Share wurin tas, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle, ka ba shi mako guda. Sabon gari mai haske ya zubo, suna nan. Sai ka danna ƙusa a jikin itacen. In ta shige ba wuya, musamman a sandar da ke ɗauke da rufin ƙasa, canza ta kafin damina, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi take ƙarawa.

Sun fi son farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo, da gora, da katako mara nauyi irin obeche. In ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, juya kowane falle ka duba kafin ka biya. Zafi kuwa yana kashe su: ƙa'idar duniya ta katakon ɗaure kayan da ake fitarwa waje ita ce cikin itacen ya kai digiri 56 na minti 30. Ƙaramar kujera, naɗe ta a baƙar leda ka bar ta a ranar Afrilu kwana biyu ko uku, sannan ka sake gwajin ƙyallen.