Rarraba Maki a Teburin Fibot: Wa Ke Yanka Iyaka?

Malamin da ya gama duba takardun ɗalibai 500 yana da lambobi 500 a gabansa, amma har yanzu bai san yadda ajin ya kaya ba. Sai ya kasa makin kashi-kashi: ɗalibai nawa suka samu 40 zuwa 49, nawa suka samu 50 zuwa 59. Wannan rarrabawa ce teburin fibot ke yi cikin ƙiftawar ido.

Dabarar ta fara bayyana ne a manhajar Lotus Improv a 1991, kafin Microsoft ya shigar da ita cikin Excel 5 a 1993. Aikin ba wuya. Ka sa makin a layukan teburin, ka danna maɓallin dama na linzami a kan ɗaya daga cikinsu, ka zaɓi umarnin Group. Excel zai tambaye ka abu uku: inda za a fara, inda za a tsaya, da faɗin kowane kashi. Idan ya ƙi, sau da yawa wani gurbi ne babu komai a ciki, ko an shigar da lamba a matsayin rubutu.

Faɗin kashin nan shi ne gundarin magana. Ka faɗaɗa shi, mai 51 da mai 74 su kwana ɗaki ɗaya. Ka matse shi, teburin ya koma tarin tsakuwa. A 1926 masanin ƙididdiga Herbert Sturges ya ba da ƙa'idar da ke nuna cewa lambobi 500 kashi 10 ya wadace su. Sai dai ƙa'ida ba ta san manufarka ba.

Duba ma'aunin WAEC: F9 ya kwashe daga 0 zuwa 39, A1 daga 75 zuwa 100, matakan tsakiya kuwa maki biyar-biyar ne. Umarnin Group yanka ɗaya yake yi wa kowa, don haka malami na iya ƙara ginshiƙi, ya yi amfani da umarnin VLOOKUP ya maƙala wa kowane maki matakinsa, sannan ya gina teburin a kai.

Excel zai ƙirga maka daidai. Amma yaron da ya samu 49, ko ya faɗa D7 ko ya ɓuya cikin masu C6, wannan hannun mai yanka iyaka ne ya yanke.