Idan motar da ta buge ka ba ta da inshora

Tambayar da ake yawan yi mana ita ce: idan direba ba shi da inshora, wa zai biya?

Dokar CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta wajabta inshora a kan kowace mota da babur, har da kabu-kabu. In babu ita, diyya ba ta faɗi ba, sai dai nauyin ya koma kan direba da mai motar, daga aljihunsu.

Kada a yarda a janye mota kafin jandarma, ko ƴan sanda in cikin gari ne, su zo su yi konsta. A je likita a karɓo takardar rauni, a adana kowane rasit na magani. Da su alƙali zai yi aiki.

Inda muke ganin ana cutuwa shi ne sulhun bakin hanya. Dattawa su sa baki, a miƙa jika goma, a ce an yafe. Bayan wata biyu ƙafa ta ƙi warkewa, ga noma ya tsaya, mai mota kuma ya sauya lamba. Sulhu ba laifi ba ne, amma a bari likita ya gama magana tukuna, a kuma rubuta shi gaban shaidu.