Darasin bidiyo ya yi sauri? Ɗaliban Madawa, Buza da Keita na iya rage masa gudu

Ɗalibin da ke shirin jarabawar BEPC ko BAC a Madawa, Buza ko Keita, cikin jihar Tawa, kan karɓi darussan bidiyo a katin memori daga hannun abokai, tunda kuɗin intanet ba wasa ba ne. Sai dai malaman da ke cikin bidiyon da Faransanci suke bayani, wasu kuma kamar ana korarsu. Yaron da ya tashi da Hausa ko Buzanci a gida, kafin ya kama jimla ɗaya an wuce uku.

Manhajar VLC, wadda wasu ɗalibai suka faro a makarantar École Centrale ta Faransa a 1996, tana da maganin wannan, kuma kyauta ce. A kwamfutar tebur, maɓallin [ na rage gudun bidiyo kaɗan-kaɗan, ] na ƙarawa, = kuma na mayar da shi yadda yake. Muryar malamin ba ta yin kauri don an rage.

Akwai ɗan tarko. Allon rubutu samfurin Faransa, AZERTY, wanda ya fi yawa a Nijar, ba ya fitar da [ da ] sai an haɗa da AltGr. Ya fi sauƙi a shiga Lecture, sannan Vitesse, a zaɓa.

Rage gudu na cin lokaci: darasin awa ɗaya a kan 0.75 zai kai minti 80. Wanda ke bita kawai, ga fargabar ɗaukewar wuta, idan ya ɗaga zuwa 1.5 zai gama cikin minti 40.