Kwas ɗin Tuƙin Babur da Rangwamen Inshora: Yadda Lamarin Yake a Zongon Kumasi

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Aboabo ko Asawase da hantsi zai ga yadda babur da keke mai ƙafa uku suka zama ƙafar talaka a unguwannin Zongon Kumasi. Su ke kai mata kasuwar Kejetia, su ke kai yara makaranta, su ke ɗauko kayan gyara daga Suame. A Gana ana kiran babur ɗin haya okada, wato abin da Bakano ke kira acaɓa, mutumin Maraɗi kuma ya ce kabu-kabu. Keken fasinja shi ne pragya, na ɗaukar kaya kuwa aboboya. Mafi yawan matasan da ke wannan sana'a ba su taɓa zama a aji don koyon tuƙi ba. Yaya ne ko aboki zai hau da yaro zuwa wani fili, ya nuna masa birki da giya da totur, kwana biyu sai a ce hannunsa ya faɗa.

A wasu ƙasashe an samo wata dabara ta jawo irin waɗannan matasa zuwa ga koyo na ƙa'ida: wanda ya kammala kwas ɗin kiyaye haɗari, kamfanin inshora zai rage masa kuɗin da yake biya.

Asalin dabarar

Inshora tana da kama da adashi, wanda mutanen Gana ke kira susu, ta fuskar cewa mutane da yawa ne ke zuba kuɗi a wuri guda. Inda suka bambanta shi ne, a adashi kowa yana da ranar ɗaukarsa, a inshora kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa ne kawai ke ɗauka. Saboda haka kamfani yana kallon kowane mai zubi da tambaya ɗaya: yaya yiwuwar wannan mutum ya jawo asarar da za a biya? In yiwuwar ta yi ƙasa, ana iya sassauta masa. Ba kyauta ce ake yi masa ba, lissafi ne.

A Amurka aka fi sanin wannan tsari. A shekarar 1973 kamfanonin da ke ƙera babura suka kafa wata gidauniya mai suna Motorcycle Safety Foundation, wadda ta tsara kwas na masu fara tuƙi. Kwas ɗin yana ɗaukar kimanin awa 15, kusan 5 na karatu, 10 a kan babur cikin fili da aka keɓe. Ana koyar da taka birkin gaba da na baya tare, da kauce wa abin da ya faɗo hanya ba zato, da yadda ake shan kwana, da kallon inda za a je maimakon kallon tayar gaba. Jihohi da yawa suna yafe wa wanda ya ci kwas ɗin jarrabawar tuƙi ta neman lasin, kamfanonin inshora da dama kuma suna rage masa kuɗi, galibi tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A Ingila kuwa tun 1990 horo na farko ya zama dole kafin sabon mahayi ya fita titi.

Abin da ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi shi ne binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka buga a 1981. An bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles, aka tarar kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya shafa da kansu suka koyi tuƙi, ko kuwa dangi da abokai ne suka koya musu. Wannan shi ne ainihin irin koyon da ake yi a Zongo.

Sai dai ya kamata a yi hattara da wannan adadi. A 2010 masana na cibiyar Cochrane sun tattara bincike-binciken da aka yi a kan horar da masu babur, suka ce hujjojin ba su kai a yanke cewa horo yana rage haɗari ba. Wani dalili shi ne, mutumin da ya ɗauki ƙafarsa ya je kwas da ma mai taka-tsantsan ne. Ga kamfanin inshora wannan ba matsala ba ce, domin ko kwas ɗin ne ya gyara shi, ko da halinsa ya zo, takardar ta nuna masa abokin ciniki mai sauƙin asara. Hular kwano ce hujjarta ta fi ƙarfi: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ce sanya ta yadda ya kamata yana rage yiwuwar mutuwa da kashi 42, rauni a kai kuma da kashi 69.

Abin da dokar Gana ta tanada

Tun 1958 doka ta wajabta wa duk abin hawa mai inji a Gana inshorar mutum na uku. Ma'anarta ita ce, in mai babur ya buge wani, kamfani ne zai biya diyyar wanda aka buge. Babur ɗin kansa ba ya cikin lissafi. Wanda ke so a biya shi in babur ɗinsa ya lalace ko an sace, sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ita ke kula da kamfanonin, hukumar DVLA ke ba da lasin, kuma lasin babur shi ne rukunin A. A 2019 aka ɗaga hukumar kiyaye haɗurra zuwa NRSA mai ƙarin iko.

A nan ne cikas na farko yake. Kuɗin inshorar mutum na uku ba ciniki ake yi a kansa ba. NIC ce ke amincewa da mafi ƙarancin farashi, kuma ta sha jan kunnen kamfanoni a kan karya shi. A Janairun 2020 ta buɗe rumbun bayanai na kwamfuta inda ake shigar da kowace inshorar abin hawa, har ɗan sanda ko fasinja zai iya bincikawa ta wayar salula ya ga ko takardar ta gaskiya ce. Wannan ya rage jabun takardu, amma kuma yana nufin kamfani ba zai yi gaban kansa ya rage wa mai takardar kwas kuɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade ba. Rangwamen da aka saba da shi a Gana shi ne na wanda ya shekara bai nemi a biya shi komai ba, kuma masu cikakkiyar inshora ne suka fi sanin sa. Wato ana saka wa mutum ne bayan an ga tuƙinsa, ba kafin a gani ba.

Cikas na biyu ya fi wannan girma. Ƙa'idojin hanya na 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180, sun haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a kan babur ko keke mai ƙafa uku. Haramcin bai hana sana'ar bunƙasa ba, amma ya bar masu ita a wani hali mai wuya. Mai okada da ya yanki inshora a waɗannan shekaru, ta babur na hawan kai ya yanka. In ya faɗi da fasinja aka kwashe su zuwa asibitin Komfo Anokye, kamfani yana da ƙofar cewa an yi amfani da babur ɗin ta hanyar da yarjejeniya ba ta ƙunsa ba. Mutumin da ya san haka, da wuya rangwamen kashi 10 ya burge shi, tun da a ganinsa takardar ta nuna wa ɗan sanda ce kawai. Ba a Gana kaɗai hukuma ta yi fama da sana'ar ba. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, a Kumasi kuma majalisar birni ta hana pragya shiga tsakiyar gari a 2023, abin da ya jawo zanga-zangar direbobi. John Mahama ya yi alkawarin halatta okada a yaƙin zaɓen 2020 da na 2024, kuma a 2025 gwamnatinsa ta kama aikin gyara dokar, da sharuɗɗan da suka haɗa da lasin haya da horo da shiga ƙungiya.

Wa zai biya, wa zai amfana?

Ko da an kawar da waɗannan biyu, akwai lissafin aljihu. A ce kuɗin inshorar shekara sidi 300 ne, aka rage kashi 10, sidi 30 ke nan. Yaron da zai ajiye babur kwana biyu ya je kwas ya yi asarar cinikin kwana biyu, ga kuɗin kwas ɗin kansa. Tun 2014 kuma ƙa'idar NIC ita ce sai an biya kuɗin inshora kafin ta fara aiki, alhali mai okada kullum yake samun nasa, kullum yake kashewa. Rangwamen da ke jan Ba'amurke mai biyan ɗaruruwan daloli ba lallai ya ja ɗan Sabon Zongo ba, sai in an haɗa masa da wani abu, kamar sauƙin samun lasin ko damar biya kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyar tasharsu, wadda da ma tana karɓar kuɗin tikiti daga 'ya'yanta.

Akwai kuma batun mallaka. Babura da kekuna da yawa a Zongo ba na masu tuƙa su ba ne. Wani alhaji ko wata hajiya 'yar kasuwa ce ke saya ta ba yaro, yana kawo balas duk mako har ya biya abin da aka yanka, sannan abin hawan ya zama nasa. Kafin ranar, takardun da inshorar duk da sunan mai dukiya suke. Ke nan yaron ne zai zauna a kwas, shi ne ƙafarsa ke kan kwalta, amma rangwamen aljihun maigidansa zai shiga. Ta wani gefen wannan yana iya zama alheri, domin maigidan da ya ga ragi a takardarsa, ya kuma san faɗuwa ɗaya tana iya cinye masa jari, shi ne ke da ikon cewa ba zai miƙa makulli ba sai yaro ya kawo shaidar kwas.