Kalmomin Magina Tsakanin Tubali da Kwamfuta

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike ya ke da kalmomin gini, irin su tubali, azara, makuba, laso, indararo, zanko da bakan gizo. Kowace ɗaya ɗauke ta ke da wani sani. Makuba daga ɓawon ɗorawa a ke samunta, ita ke hana ruwa cin yaɓe. Azara tsagin giginya ce, wadda gara ba ta cika damunta ba, kuma tsawonta shi ke yanke faɗin soro, sai fa in gwani ya ɗaura baka. Da irin wannan sani a ka gina garuruwan ƙasar Boɗinga da Shagari, kamar Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da ƙauyuka irin su Mandera.

Sa'an nan wasu kalmomi su ka shigo, watau siminti, bulo, kwano, rodi, birkila. A ƙasar Sakkwato sun kafu ƙwarai bayan da masana'antar siminti ta Kalambaina ta soma aiki a 1967. Gidan bulo da kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara, amma da bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ba ya kwantuwa. Har wa yau masana sun ƙiyasta wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya daga toya siminti ta ke fita.

Zubi na uku shi ne na kwamfuta. Yanzu mai zanen gini ya kan tada gidan duka a cikinta kafin a haƙa harsashi. Kowane bango da ya ja, na'urar ta san kaurinsa, da abin da za a yi shi da shi, da kuɗinsa. In an gusar da ƙofa, lissafi ya gyaru da kansa. Tana kuma iya auna yadda zafi ke ratsa bango. Wannan awo ya gaskata abin da magina su ka daɗe da sani, cewa bangon ƙasa mai kauri ya kan riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi.

Amma fa na'ura ba ta san kome ba sai abin da a ka sanya mata suna da awo. Jerin kayan da ke zuwa da ita na ƙasashen da a ka ƙera ta ne. Abin da ba ya cikin jeri ba ya shiga zane, ba ya shiga lissafin ɗan kwangila, daga nan sai ya fita daga bakin yara.

Ba tilas ne abin ya tafi haka ba. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma masallacin ƙasa a 1962, ya sami kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa wanda inji ya matse, su ka mai da tsohon ɗakin karatu, magina na gargajiya na cikin aikin.

Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa iri biyu ne. Na fari, a tara kalmomi daga bakin tsofaffin magina, kowace da awonta da yadda a ke haɗa ta, a rubuta karin Sakkwato yadda ya ke, domin kudandan, alal misali, ba kowane Bakano ya san shi ba. Na biyu, a daidaita sunayen sababbin abubuwa. Inda aro ya riga ya zauna, kamar siminti da kwamfuta, a bar shi. Inda Hausa ke da tata, kamar harsashi da dogari, kada a ture ta.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne su ka fi kusa da wannan aiki, gama ɗalibansu daga waɗannan garuruwa su ke. Kowane ɗalibi ya koma gida da hutu, ya zauna da Sarkin Magina na garinsu, ya rubuto kalma ashirin da bayaninsu, to, cikin 'yan shekaru an sami abin da za a miƙa wa injiniyoyi su sa a jerinsu.