Ranar Da Ba Mu Yi Wa Biki

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta: Kowace daga cikinku ta san bikin kamun kifi na Argungu, yadda dubban masunta ke faɗawa Matan Fada da homa da gora. Watakila kun san asalinsa kuma, watau a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa wasan su don shaida ƙarewar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. To, amma akwai wani abu da ya ƙare shekara biyu bayan wannan, wanda ba a kaɗa masa ko kalangu. Shi ne bauta.

Tun da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, ƙasar nan ba ta zauna lafiya sosai ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar Kabawa a Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Labarin jaruman yaƙin nan muna jinsa a bakin makaɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, in an ci gari, ko ta wane gefe, mata da yara ake korawa gaba. Wata a sayar da ita a kasuwa, wata a kai ta rinji ta yi noma, wata a sa ta a ɗaka. Masana tarihi biyu, Lovejoy da Hogendorn, sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi.

Kada ku zaci Turawa na zuwa aka kwance kowa. A'a. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Amma wanda ya riga ya zama bawa ba a ce ya tashi ya tafi ba. Lugga yana bukatar sarakuna su riƙe masa ƙasa, yana kuma tsoron gonaki su zama saura in bayi suka watse. Saboda haka aka toshe wa masu gudu hanya, aka hana su filin noma, aka ce mai son 'yanci ya je gaban alƙali ya fanshi kansa. Namiji yakan yi murgu, watau ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa, ya tara abin da ya ragu har ya kai kuɗin fansa.

Ina mace za ta samo wannan kuɗi? Nan ne wuyar take. Baiwar da ta gudu, sau da yawa sai a ɗauki maganarta kamar ta matar da ta yi yaji, a mai da ita inda ta fito. Da yawa kuma wani namiji ne ke biyan fansarsu, sa'an nan ya wuce da su gidansa, ko da aure ko a matsayin ƙwarƙwara. A takarda an rubuta an 'yanta ta, alhali kuwa gida kawai ta sauya. Sai a 1936, bayan matsin lamba daga ƙasashen waje, aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ku lissafa da kanku, shekara 35 ke nan ana jan ƙafa.

Wasu ƙasashe sun sa wa wannan al'amari rana. A Amurka ana hutu ran 19 ga Yuni, don tunawa da ranar da labarin 'yanci ya isa ga bayin Texas a 1865, ko da yake sai 2021 aka mai da ita hutun ƙasa duka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Disamba. Maƙwabtanmu na Nijar sun sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, a 2008 kuma wata mace, Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12, ta yi nasara a ƙarar da ta kai gwamnatin ƙasar kotun ECOWAS.

Mu fa, me ya sa muka yi shiru? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikokin masu bayi da jikokin bayi gari ɗaya suke, masallaci ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, tun da sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Wani yana gudun a tona kakansa ya sayar da mutum, wani yana gudun a tona an sayar da tasa kakar. Kowa ya ja bakinsa. Amma shirun bai kashe maganar ba. Ku saurara ran da aka zo neman aure aka shiga binciken asali, ko ran da kishiyoyi suka yi cacar baki, za ku ji gorin ya fito.

To, wannan aiki namu ne, don a bakinmu yara ke koyon magana. Uwar gida, kada ki bari a kira wani bawa ko bacucane da nufin zagi a tsakar gidanki. Wadda aka kama a hanyar rijiya ba ta yi abin kunya ba, kunyar tana ga wanda ya kama ta. In kuwa kina da yarinya mai aiki da aka kawo miki daga ƙauye, ki duba: tana samun ladanta a hannunta? Tana zuwa makaranta? In ta so komawa gida, za ta iya?

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ku lura da wahalar uwar da ta bi sawun ɗanta. In kun je Gidan Tarihi na Kanta a Argungu kun ga masu da takubba, ku tambayi malamarku ina waɗanda aka kamo da su suka ƙare. Sa'an nan ku zauna da kakanninku cikin ladabi, ku rubuta abin da suka ji daga nasu iyayen tun ba su tafi da shi ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu, 'ya'ya da bayi baki ɗaya, amin.